Tsara Wasan Kwamfuta na Gayya Domin Abokai: Rabon Aiki, Rabon Ganima da Matsalar Harshe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsara wani nau'in wasan kwamfuta wanda abokai uku ko huɗu ke yi tare, kowannensu yana riƙe da tauraro ɗaya a cikin labari guda, suna fuskantar abokan gaba waɗanda na'ura ke sarrafawa. Da yake "wasan kwaikwayo" ya riga ya sami gurbinsa a adabin Hausa, a nan za a kira wannan nau'i "wasan shiga-riga", domin mai wasa yakan shiga rigar wani mutum ne na ƙirƙira, ya yi magana da bakinsa, ya kuma ɗauki ribarsa da hasararsa. Idan 'yan wasan haɗa ƙarfi suke yi maimakon gasa da juna, sai a ce wasan "na gayya" ne, bisa kamancinsa da aikin gayya na manoma. Su kuwa 'yan wasan a dunƙule za a kira su "ayari".

Abin da ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe shi ne, babban aikin mai tsara irin wannan wasa shi ne ƙirƙiro dalilan da za su tilasta wa mutane yin magana da juna. Zane da kiɗa da dabarun na'ura duk suna biye ne da wannan. Wasan da abokai huɗu za su zauna su yi awa biyu ba wanda ya ce wa wani uffan, ya tashi daga gayya ya koma mutum huɗu kowa na noma gonarsa a kusa da ta ɗan'uwansa.

2.0 Asalin Wasan

Tushen wasan shiga-riga a kan tebur yake. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wanda ake yi da takarda da fensir da ƙwayoyin jifa irin na ludo. Mutum ɗaya ke jan ragamar labari, yana siffanta wuri da abin da ke cikinsa, sauran kuma kowa ya faɗi abin da tauraronsa zai yi. Tun a bugun farko an raba taurarin gida uku, wato mayaƙi da matsafi da malamin addini mai warkarwa, sannan a 1975 aka ƙara ɓarawo. Wannan rabo shi ne har yanzu ake ta yi wa kwaskwarima.

A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, Roy Trubshaw, ya fara rubuta MUD, wanda Richard Bartle ya ci gaba da shi daga 1980. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta ce ke siffanta ɗaki da rubutu, 'yan wasa kuma su rubuta umurni. Ke nan wannan wasa na mutane da yawa a duniya ɗaya, da jimloli aka gina shi. Sai kuma Gauntlet na kamfanin Atari Games a 1985, inda mutum huɗu ke tsayawa a gaban na'ura ɗaya. Dabaru biyu na wannan wasa sun cancanci a lura da su. Na farko, duka huɗun a fuskar allo ɗaya suke, saboda haka ba mai iya yin nisa sai sauran sun biyo shi. Na biyu, ƙarfin kowa yana raguwa da tafiyar lokaci, abinci kuwa kaɗan ne, kuma harbi na iya lalata shi. Idan haka ta faru sai wata murya daga na'urar ta tona asirin wanda ya yi ɓarnar. Wannan tonon asiri ba ya ƙara komai a lissafin wasan, amma shi ke haifar da dariya da gardama a tsakanin mutanen da ke tsaye.

3.0 Rabon Aiki

Sharaɗin farko na wasan gayya shi ne kada a sami tauraron da ya isa da kansa. Tsarin da ya fi yaɗuwa, wanda wasanni irin su EverQuest na 1999 da World of Warcraft na 2004 suka kafa a zukatan jama'a, ya ƙunshi ayyuka uku: mai tare duka, wanda ke jawo hankalin abokin gaba zuwa kansa, mai warkarwa, wanda ke hana mai tarewar faɗuwa, da mai kai farmaki, wanda ke da ƙarfin sara amma ba ya jure duka. Kowane ɗaya rauninsa ne ke ɗaure shi da sauran, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai wannan tsari na yaƙi ne kawai, kuma ba kowane aboki ne yaƙi ke burge shi ba. A wata maƙala ta 1996 Bartle ya kasa 'yan wasa kashi huɗu: masu son cim ma buri da tara daraja, masu son leƙa kowane lungu, masu son hira, da masu son fin ƙarfin wasu. Kamfanin da ke sayar wa miliyoyin mutane dole ya yi hasashen yawan kowane kashi. Mai tsara wa abokansa kuwa ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ya san wanda ba ya barin akwati bai buɗe ba, da wanda ke gajiya idan bayani ya wuce layi uku. Wannan sani shi ne fifikonsa a kan kowane kamfani, kuma kuskure ne ya yar da shi ya kama kwaikwayon manyan wasanni.

Alal misali, a ɗauka an gina wasan a kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja a ƙarni na 19. Ayarin fatake na wancan zamani ya zo da rabon aikinsa: ga madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya, ga jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, ga malamin ayari mai rubutu da lissafi, ga kuma masu kwari da baka da ke kare dabbobi da kaya. A irin wannan zubi, ƙetare kogi da cinikin kuɗin fito da rashin lafiyar jaki duk matsaloli ne da ke bukatar hannu fiye da ɗaya, ba sai an zare takobi ba.

Akwai wata cuta da ke kama wasannin gayya, wadda masu wasan tebur suka fi kowa saninta, musamman a Pandemic na Matt Leacock da ya fito a 2008. Cutar ita ce, wanda ya fi ƙwarewa sai ya riƙa faɗa wa kowa abin da zai yi, har sauran su zama 'yan amshin shata. Nasiha ba ta maganin wannan. Maganinsa a tsari yake, wato a raba sani kamar yadda aka raba ƙarfi. A wasan kati na Hanabi, na Antoine Bauza, 2010, kowa yana ganin katin kowa ban da nasa. A wasan kwamfuta na Keep Talking and Nobody Explodes, 2015, mutum ɗaya ke ganin bam, sauran ke riƙe da littafin kwance shi, ba wanda ke ganin abin da ke gaban ɗayan. Idan aka dawo ga misalin ayari, jagaba ne kaɗai zai ga taswirar gaba a allonsa, malami ne kaɗai zai iya karanta wasiƙar da aka tsinta, madugu ne kaɗai ya san abin da ya rage a jakar kuɗi. Daga nan dole kowa ya buɗe baki, kuma dole a saurare shi.

3.1 Rabon Ganima

A nan ne zumunci kan shiga haɗari. A Diablo II na shekarar 2000, wanda mutum takwas ke iya yi tare, duk abin da ya faɗo daga abokin gaba kowa na ganinsa, kuma wanda ya riga kai hannu shi ke da shi. Sakamakon haka, mayaƙin da ke kusa ya fi maharbin da ke nesa samu, mai saurin intanet ya fi mai jinkiri. A Diablo III na 2012 sai kamfanin Blizzard ya sauya: kowa nasa rabon kaɗai yake gani. Rigima ta mutu, amma kyauta ma ta ragu, domin ba a cika samun lokacin da wani zai ce wa wani "ɗauka, kai ka fi bukata" ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanyoyi da dama: jefa ƙuri'a tsakanin masu bukata, kamar yadda aka yi a World of Warcraft, ko tara maki gwargwadon halartar yaƙi, dabarar da 'yan wasan EverQuest suka ƙirƙiro da kansu.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin adabin baka. Akwai rukunin tatsuniyoyi a Afirka, waɗanda William Bascom ya tattara ya yi nazarinsu a 1975, inda mutum uku ko huɗu, kowa da baiwarsa, ke haɗuwa su ceci wani, sannan labarin ya tsaya a kan tambayar wane ne ya cancanci lada. Ba a ba da amsa, domin gardamar masu sauraro ita ce ribar tatsuniyar. A ra'ayin wannan maƙala, haka ya kamata mai tsara wa abokai ya yi. Raba wa kowa nasa a ɓoye ya dace da baƙin da ba su san juna ba, waɗanda ba za su sake haɗuwa ba. Abokai kuwa a zuba musu ganima a tsakiya, amma a tsare abu biyu: kada saurin hannu ya zama hukunci, kuma mafi yawan kayan su kasance masu amfani ga tauraro ɗaya tak, ta yadda abin da za a yi jayayya a kansa zai zama kaɗan, mai daraja.

3.2 Wanda Bai Samu Zuwa Ba

Abokai suna da aiki da iyali, wuta kan ɗauke, kuɗin intanet kan ƙare. Idan ƙarfin tauraro yana ƙaruwa da yawan wasa, wanda ya yi fashin mako biyu zai dawo ya tarar ya zama kaya a wuyan ayari, daga nan kuma kunya ta hana shi dawowa. City of Heroes na 2004 ya magance wannan ta hanyar ɗaga ƙaramin tauraro zuwa kusa da matakin babba muddin suna tare. Hanya mafi sauƙi ga ƙaramin wasa ita ce a ba ayarin mataki ɗaya gaba ɗayansa. Haka kuma a kasa labarin zango-zango, kowane zango ya ƙare a zama ɗaya, sannan na'ura ta iya riƙe tauraron wanda ba ya nan, kamar yadda Secret of Mana na 1993 ya bar mutum na biyu da na uku su shiga su fita ba tare da an tsayar da wasa ba.

Batun nisa ma yana da hukuncinsa. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, tsakanin Legas da Landan kuwa akwai kimanin kilomita 5,000. Ke nan saƙo ba zai je ya dawo a ƙasa da kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, ko da babu wani cikas a hanya, alhali wasan da ke sauya hoto sau 60 a daƙiƙa yana yin kowane sauyi a cikin kashi 17 ne kawai. Manyan kamfanoni suna da dabarun ɓoye wannan jinkiri, amma dabaru ne masu wuyar rubutawa. Mutum ɗaya mai aiki da manhaja irin Godot, wadda aka sake ta kyauta a 2014, ya fi masa alheri ya zaɓi wasan bi-da-bi, inda kowa ke jiran layinsa kamar a dara. Jinkiri ba ya cutar da irin wannan, kuma jiran layi shi ke ba da sararin shawara.

4.0 Wa Ke Magana da Yawun Ayari?

Idan ayari ya isa gaban sarkin wani gari, mutum huɗu ne a tsaye amma amsa ɗaya labarin zai bi. An gwada hanyoyi uku. A Star Wars: The Old Republic na 2011 kowa yakan zaɓi amsarsa, sai na'ura ta jefa ƙuri'a a kan wadda za a furta. A Divinity: Original Sin na 2014, na kamfanin Larian da ke Beljiyam, taurari biyu na iya saɓa wa juna a fili, in sun kasa daidaitawa a raba gardamar da wasan dutse da takarda da almakashi. A Baldur's Gate 3 na 2023, na wannan kamfani, wanda ya fara maganar shi ke zaɓe, sauran suna saurare suna nuna abin da suka fi so, amma ba dole ya bi su ba.

Hanya ta farko adalci ce, sai dai tana mayar da shawara caca. Ta ukun ta fi kusa da yadda mutane ke yi a zahiri, kuma tana da wata fa'ida: tun kafin a shiga fada sai an zauna an yanke wanda ya fi dacewa ya yi magana. Mai tsari na iya ƙarfafa wannan ta hanyar sa mutanen labarin su bambanta wanda suke saurara. Liman ya fi sakin jiki da malamin ayari, sarkin fawa ya fi jin maganar wanda ya san ciniki, Babarbare kuma ya tari Bafulatanin ayari da wasan barkwanci wanda ba zai yi da sauran ba.

5.0 Idan Wasan da Hausa Zai Yi Magana

Yawancin kayan aikin tsara wasa an gina su ne a kan ɗabi'ar Ingilishi, inda ake rubuta jimla ɗaya a bar gurbi, na'ura ta cusa suna a ciki. Hausa ba ta yarda da wannan cikin sauƙi, kuma wasan gayya ya fi kowane wasa fito da matsalar, domin mai sauraro yana sauyawa daga jimla zuwa jimla. Inda Ingilishi ke da wakilin suna ɗaya na mutum na biyu, Hausa uku take da su:

(1) a. Ka sami takobi.
b. Kin sami takobi.
c. Kun sami takobi.

Saboda haka dole na'ura ta san jinsin kowane tauraro, ta kuma san ko da mutum ɗaya ake magana ko da ayari. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin kayan wasan ma jinsi gare su, kuma jinsin yana bayyana a harafin mallaka da dirka da wakilin suna:

(2) a. Takobin madugu ne, ɗauke shi.
b. Garkuwar madugu ce, ɗauke ta.
c. Kiban madugu ne, ɗauke su.

Ke nan kowane abu a rumbun bayanan wasan sai an rubuta masa jinsi da adadi da siffar jam'insa, tun da jam'in Hausa ba ya bin ƙa'ida ɗaya da na'ura za ta iya hasashe: doki da dawaki, jaki da jakuna, zango da zanguna. Matsala ta uku ita ce ta aikatau, musamman 'yan aji na biyu a rabe-raben da F. W. Parsons ya yi a 1960, waɗanda wasalinsu na ƙarshe ke sauyawa bisa abin da ya biyo baya:

(3) a. Ta ɗauki garkuwa.
b. Ta ɗauke ta.
c. Ga abin da ta ɗauka.

Mai tsarin da ya ajiye siffa ɗaya ta aikatau yana cusa ta ko'ina zai wayi gari wasansa na cewa "ta ɗauka garkuwa". Haka nan muryar mai ba da labari tana bukatar bambanta "sun isa zango" da "sai suka isa zango", domin jerin aukuwa a labari da siga ta biyun ake yinsa. Mafita ita ce a daina ɗinka jimla daga gutsattsari, a rubuta kowace jimla cikakkiya a sigoginta uku ko fiye, na'ura ta zaɓa. Aikin ya ninka, amma ga wasan abokai huɗu, mai 'yan ɗaruruwan jimloli, abu ne mai yiwuwa. Akwai kuma 'yar dabara a rubutun maɓallai: umurni na kai tsaye, kamar "buɗe" ko "tsaya", ba ya nuna jinsi, don haka yana hutar da mai tsari a wurare da yawa, ko da yake na tilo ne.

Abin da ya zo a matsayin wahala yana iya komawa riba. Wasan da aka rubuta da Ingilishi sai ya nemi wata alama kafin ɗan wasa ya gane da shi ake ko da kowa. A Hausa "ki" da "ku" sun gama bayani. Idan sarki ya juya daga "ku" zuwa "kai", kowa ya san an ware mutum ɗaya, kuma hankalin ayari zai tashi ba tare da an ƙara kalma ba. Haka ma "ku" na girmamawa, da zaɓi tsakanin "ranka ya daɗe" da "Allah gafarta malam", da tsawon gaisuwa. A wasannin Turai tauraro kan tari baƙo da tambayarsa kai tsaye. A bakin Bahaushe wannan rashin ladabi ne. Mai tsari na iya mayar da gaisuwa wani ɓangare na wasan, ta yadda wanda ya tsallake ta zai tarar farashin goro ya hau, ko a ce masa mai gida ba ya nan.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. Ɓ da ɗ da ƙ duk suna da gurbi a tsarin Unicode, haka ma ƴ da ake amfani da shi a rubutun Nijar a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Sai dai samun gurbi daban, samun zane daban: da yawa daga cikin salon haruffan da ake ƙawata wasanni da su ba su ɗauke da waɗannan, sai ɗan akwati ya fito a madadinsu. Wanda ya guje wa wannan ta hanyar cire lanƙwasa zai haɗa "baƙi" da "baki", ya haɗa "ƙafa" da "kafa", kuma ranar da ayari ya tsinci ƙashi a kogo, abin da allo zai nuna ba zai yi daɗin karantawa ba. Ya kamata a gwada salon haruffa da waɗannan baƙaƙe, manya da ƙanana, tun kafin a rubuta layin farko na labari.

Daga ƙarshe akwai karin harshe, wanda ke da muhimmanci idan abokan ba daga gari ɗaya suka fito ba. Muryar mai ba da labari da rubutun maɓallai sun fi dacewa da daidaitacciyar Hausa, domin kowa ya karanta ba tare da tuntuɓe ba. Mutanen cikin labarin kuwa a bar su da bakinsu. Basakkwace ya ce "shi yat tahi" inda Bakano zai ce "shi ya tafi". Bazazzagi ya ce "rigana" inda daidaitacciya ke da "rigata". Mutanen zangon Salaga kuma a ji Hausarsu ta sha bamban da ta gida. Da wannan kaɗai ayari zai riƙa gane nisan da ya yi ba tare da duba taswira ba, kuma ana iya gina wata matsala sukutum a kansa: baƙon da ya ce daga Kano yake, amma harshensa ya nuna yamma, sai ɗan wasan da kunnensa ya kama bambancin ya gargaɗi madugu kafin a ba shi masauki a zango.